Haɗa Rediyo da Na'urar Nuna Hanya a Mota: Ilmin da Ya Kamata Mai Haɗawa Ya Sani

Gabatarwa

A wani hutun ƙarshen zango na kai ziyara garin Kademi da ke ƙaramar hukumar Gaya, sai na tarar mutane sun yi cincirindo a jikin wata Golf ta haya, irin waɗanda ke jigilar fasinja tsakanin Gaya da Wudil da Kano. An buɗe ƙofofin motar duka, ƙaurin ƙonanniyar roba ya cika wurin. Da na tambaya, sai aka ce mai motar ne ya sayo sabon rediyo daga Kano, irin mai allo da taswira, ya haɗa shi da kansa. Sau biyu yana sa fis yana ƙonewa, a na uku sai ya naɗe gurbin fis ɗin da guntuwar waya. Rediyo ya kama, amma kafin a gama sauraron labarai hayaƙi ya turnuƙe gaban motar. Allah ya taƙaita, wani ya yi maza ya cire kan batir.

Laifin wannan matashi ba ya cikin ƙoƙarin yin aikin da hannunsa, domin aiki ne da ɗalibin sakandare mai natsuwa zai iya. Abin da ya rasa shi ne sanin dalilin kowace waya. Wannan na'ura tana haɗuwa da abubuwa uku: wutar mota, da taurarin ɗan Adam da ke can samaniya, da kuma kunne da idon direba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana waɗannan ukun bi da bi, ta yadda mai karatu zai ga cewa darussan da ake koyarwa a aji su ne dai suke aiki a cikin motar da yake shiga kullum.

Wutar mota da zagayenta

Batirin ƙaramar mota yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12. Idan inji ya tashi, na'urar caji da makanikai ke kira altaneta takan ɗaga ƙarfin zuwa kimanin bolt 14, don ta ciyar da fitilu da sauran kaya, ta kuma mayar wa batir abin da ya rasa. Manyan motoci irin su tirela da tifa galibi bolt 24 gare su, saboda haka wanda ya ɗauki rediyon ƙaramar mota ya jona musu kai tsaye ya ƙona kuɗinsa.

Batir yana da kai biyu, ɗaya mai alamar tarawa (+), ɗaya mai alamar ɗebewa (−). Wutar lantarki ba ta gudana sai ta sami zagaye cikakke, wato ta fita ta wannan kan, ta ratsa abin da za ta yi wa aiki, ta dawo ta wancan. Don rage yawan wayoyi, masu ƙera motoci sukan ɗaure kan mai alamar ɗebewa da ƙarfen jikin motar. Ke nan gangar jikin mota gaba ɗayanta waya ce, hanyar komawar wuta zuwa batir. Wannan dabara tana da sauƙi, amma a cikinta haɗarin yake: duk wayar da ke ɗauke da wuta, in fatarta ta kware ta taɓa ƙarfen mota, wutar ta sami gajeriyar hanya.

Dokar da masanin Jamus Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta nuna mana abin da zai biyo baya. Yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya, shi ne ƙarfin wuta idan an raba shi da turjiyar hanya, wadda ake aunawa da om. Alal misali, idan gajeriyar hanyar nan tana da turjiyar om 0.05, to bolt 12 a raba da 0.05 zai ba da amfiya 240. Siririyar wayar da aka yi don ɗaukar amfiya 10 ba za ta jure wannan ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi za ta yi ja, robar jikinta ta narke, ta kama abin da ke kusa.

Fis, mai gadin waya

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi da gangan don ya riga waya narkewa. Da zarar wuta ta wuce adadin da aka rubuta a jikinsa, sai ya tsinke, zagaye ya yanke. A irin fis na roba mai ƙafa biyu, launi yana nuna adadi: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Yawancin rediyon mota suna zuwa da fis na amfiya 10 ko 15 a bayansu.

Idan fis ya ƙone, saƙo ne yake isarwa cewa akwai ɓaraka a wani wuri. Wanda ya sa fis mafi girma, ko ya naɗa waya ko takardar azurfa ta kwalin taba a gurbinsa, bai gyara komai ba, mai gadin kawai ya kora. Haka nan duk wayar da za a jawo kai tsaye daga batir, kamar ta na'urar ƙara sauti, dole a sa mata nata fis kusa da kan batir, domin fis yana kare abin da ke bayansa ne kawai.

Fis yana kuma tona asirin 'yan kasuwa. Ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat, shi ne bolt sau amfiya. Rediyon da fis ɗinsa amfiya 10 ne, a kan bolt 14, ba zai ja fiye da wat 140 ba, kuma kaso mai yawa na wannan zafi yake zama. Saboda haka in mai karatu ya ga an rubuta wat 1000 a jikin kwalin irin wannan rediyo, lissafin aji ɗaya na babbar sakandare ya ishe shi ya gane cewa ado ne.

Kafin a sayo

Tun daga 1930, lokacin da kamfanin 'yan'uwan nan Galvin na Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, masu ƙira suka yi ta bambanta a girma da siffa, har aka zo aka daidaita. Ma'aunin da Jamus ta fara, wanda ya zama na duniya a 1984, ya ce faɗin fuskar rediyo milimita 180 ne, tsayinta 50. Mai ninki biyu, wanda yawancin masu allo ke bi, tsayinsa milimita 100 ne. Don haka kafin a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, a sa rula a auna gurbin da ke cikin mota. Tafiya daga Kademi zuwa Kano don mayar da kaya ba ƙaramar asarar kuɗi da lokaci ba ce.

Abu na biyu shi ne zangon da rediyon ke kamawa. Tashoshin FM a Nijeriya suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Rediyon da aka ƙera don amfanin cikin ƙasar Japan kuwa yana farawa daga 76, tsofaffin suna tsayawa a 90. Wanda ya sayi irin wannan a cikin kayan gwanjo zai yi ta murɗawa bai sami Freedom Radio ta Kano da ke kan 99.5 ba, alhali rediyon lafiyarsa lau. A zangon AM ma, tazarar tashoshi a Afirka da Turai kilohaz 9 ce, a Amurka 10. Yawancin sababbin na'urori suna da wurin zaɓen yanki, sai a duba.

Abu na uku, motocin zamani da yawa suna da kwamfuta da ke magana da rediyo, kuma maɓallan jikin sitiyari ta nan suke bi. Irin waɗannan suna buƙatar ɗan akwatin haɗi na musamman. In motar irin wannan ce, ya fi kyau a nemi ƙwararren mai gyaran wutar mota, wato rewaya.

Wayoyi da launukansu

Tarin wayoyin da ke bayan rediyo sukan tsorata mai koyo, amma kashi biyu ne kawai: na wuta da na lasifika. A yawancin na'urorin da ake sayarwa, tsarin na wuta shi ne kamar haka. Mai ruwan ɗorawa tana ɗauke da wuta dare da rana, ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka adana. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, ita ke gaya wa na'ura ta farka. Baƙa tana zuwa ƙarfen jikin mota. Shuɗiya tana kai wuta ga eriya ko na'urar ƙara sauti. Mai ruwan lemo tana dusashe hasken allo idan an kunna fitilun mota da dare.

Wayoyin lasifika guda takwas ne, biyu-biyu: farare na gaba hagu, masu ruwan toka na gaba dama, koraye na baya hagu, shunayya na baya dama. A kowane biyu, mai baƙin zane ita ce ta ɗebewa. Na'ura mai allo tana da ƙarin waya ta ribas, wadda ke kunna kyamarar baya, da ta birkin hannu. Launin waɗannan biyun yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a karanta rubutun jikinsu.

A lura, wannan tsari na ɓangaren rediyo ne. Wayoyin da ke fitowa daga jikin mota kowane kamfani da nasa launin, kuma a tsohuwar mota hannuwa da yawa sun riga sun taɓa su. Ba a dogara da launi a nan, sai a auna da mita. Wayar da ta nuna bolt 12 alhali makulli na aljihu, ita ce ta dindindin. Wadda ba ta nuna komai sai an murɗa makulli, ita ce ta makulli. A wasu motocin Volkswagen da Opel gurbin waɗannan biyun a musanye yake a jikin soket. Wannan ne ya sa masu Golf da Sharan da yawa ke kukan rediyonsu yana mance tashoshi duk lokacin da aka kashe mota. Maganin shi ne a musanya ja da mai ruwan ɗorawa.

Wasu kuma don gudun wahala sukan murɗe ja da mai ruwan ɗorawa wuri guda su jona wa wutar dindindin. Rediyo zai yi aiki, amma ba zai yi barci tare da mota ba. Batirin da aka rubuta masa 60 yana nufin zai iya ba da amfiya ɗaya na kimanin awa 60. Na'urar da ke jan amfiya ɗaya a ɓoye za ta ƙarar da shi cikin kwana biyu da rabi, kuma tun kafin nan zai gaza tayar da inji. Motar da aka ajiye ranar Juma'a sai a wayi gari Litinin ana neman masu turi.

Matakan aiki

Kayan aikin da ake buƙata su ne sukundireba, da filaya, da sifana mai lamba 10, da mita, da baƙin salatif na wuta, da dalma da abin narka ta in da hali.

Da farko, a yi awon da aka bayyana a sama, a liƙa wa kowace waya 'yar takarda mai sunanta. Kada a tsikari wayoyin da aka lulluɓe da roba mai ruwan ɗorawa kusa da sitiyari, domin galibi na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare direba yayin karo.

Na biyu, a kashe mota, a cire zobe da agogon ƙarfe, a kwance kan batir mai alamar ɗebewa. Dalilin farawa da shi shi ne, in sifana ta goga jikin mota a lokacin babu abin da zai faru, tun da dama a haɗe suke. Amma in aka fara da mai alamar tarawa, sifana ta taɓa ƙarfe, ita kanta ta zama gajeriyar hanya. Batir kuma yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, don haka ba a shan taba ko ƙyasta ashana kusa da shi.

Na uku, a zaro tsohon rediyo a hankali. In ana samun soket ɗin haɗi da ya dace da motar, ya fi a yanke wayoyinta. In dole sai an yanke, a haɗa ɗaya bayan ɗaya, a liƙe da dalma, a naɗe kowace daban. Haɗin da aka murɗa da yatsa kawai ba ya jure gargadar hanya. Yakan yi sako-sako, turjiyarsa ta ƙaru, wurin ya riƙa zafi.

Na huɗu, a ɗaure baƙar waya da noti a ƙarfe tsirara, bayan an kankare fenti da tsatsa. Kukan da ke tashi a lasifika yana bin taken totur sau da yawa daga raunin wannan haɗi yake.

Na biyar, kada a haɗa kowace wayar lasifika da jikin mota, domin a na'urorin yanzu duka biyun suna ɗauke da wuta. Kada kuma a jera lasifika biyu a kan waya guda: biyu masu om 4 in an jera su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 2, wutar da za su ja ta ninka, na'ura ta yi zafi. Don gane kan lasifika, a taɓa wayoyinta da ƙaramin batirin tocila na bolt 1.5. In fatar ta turo waje, wayar da ke kan alamar tarawa ita ce ta tarawa. In aka juya ɗaya, to yayin da wannan ke tura iska waccan tana janyewa, sai kaurin sauti ya ɓace.

Na shida, a mayar da kan batir, a gwada komai kafin a tura na'urar cikin gurbinta. A bar mata sarari a baya don iska ta ratsa, domin a watan Afrilu, lokacin da zafi a ƙasar Kano ke kaiwa digiri 40, cikin motar da ke rana ya fi haka nesa ba kusa ba.

Yadda na'ura ke gane inda mota take

A cikin kwalin akwai wata 'yar eriya baƙa mai kamar akwatin ashana. Aikinta sauraron taurarin ɗan Adam na tsarin GPS, wanda Amurka ta harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala a 1995. An tsara shi da taurari aƙalla 24, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Rasha da Tarayyar Turai da Sin su ma suna da nasu, wato GLONASS da Galileo da BeiDou, kuma na'urorin yanzu da yawa suna sauraron fiye da ɗaya.

Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana kuma shelanta abu biyu ba ƙaƙƙautawa: inda yake, da lokacin da saƙon ya bar shi. Saƙon yana tafiya da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka yakan iso cikin kusan kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa. Na'ura tana auna wannan jinkiri, ta yi sau da saurin haske, ta sami nisan tauraron.

Misali zai taimaka. Idan aka ce wani mutum yana nisan kaza daga Gaya, to yana iya kasancewa ko'ina a kan da'irar da ta kewaye Gaya. Idan aka ƙara da nisansa daga Ajingi, da'irori biyu za su haɗu a wuri biyu. Idan aka ƙara da nisansa daga Wudil, wuri ɗaya ya rage. Haka na'ura take yi da taurari uku. Tana buƙatar na huɗu ne saboda agogonta mai araha ne, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300. Tauraro na huɗu shi ke gyara mata agogo.

Daga wannan bayani abubuwa biyu sun fito. Na ɗaya, saƙon yana isowa da rauni, yana ratsa gilashi da roba amma ba ya ratsa ƙarfe, don haka a liƙa eriyar a saman gaban mota kusa da gilashi, inda za ta ga sama. A karon farko a ba ta 'yan mintuna a fili. Na biyu, eriyar saurare kawai take yi, ba ta buƙatar layin waya ko data.

Taswira da sanin hanya

Abin da taurari ke bayarwa lambobi ne kawai. Birnin Kano, alal misali, yana kusan digiri 12 arewa da digiri 8 da rabi gabas. Taswirar da ke cikin na'ura ita ke mayar da lambobin su zama sunan titi da gari, kuma ita ce ke buƙatar intanet, sai dai in an sauke ta an adana tun da wuri. Wanda zai shiga ƙauyuka ya sauke taswirar yankinsa tun yana inda sabis ke da ƙarfi.

Taswira kuma mutane ne suka zana ta. Manyan tituna irin na Kano zuwa Wudil suna ciki daidai, amma burtali da hanyar gona da ta kasuwar ƙauye sau da yawa ba su shiga ba, ko an rubuta sunan gari a karkace. Na'ura ba ta san cewa ruwan watan Agusta ya yanke wata hanya jiya da dare ba. Mutanen gari sun sani, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ƙwaƙwalwar mutum ma tana da tata taswirar. A shekarar 2000, Eleanor Maguire da abokan aikinta a Landan sun nuna cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai kula da tuna wurare ya fi girma a direbobin tasi na birnin, waɗanda ke haddace tituna, fiye da na sauran mutane. A 2014 an ba John O'Keefe da May-Britt Moser da Edvard Moser lambar Nobel saboda gano ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke wannan aiki. Tsohon direban da ya san kowace kwana tsakanin Kademi da Gaya yana da baiwar da ya kamata matasa su koya, su riƙe na'ura a matsayin mataimakiya.

Kunnen mai sauraro

Sauti girgizar iska ce. Tana bugun dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa ta ga wani bututu mai naɗi irin na katantanwa, cike da ruwa. A ciki akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu 'yan gashi a kansu. Girgiza tana lanƙwasa gashin, su kuma su aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, in ta daɗe ta kashe su. Tsuntsaye suna iya sake tsirar da waɗanda suka mutu, amma ɗan Adam ba ya iyawa. Wanda ya rasa su ya rasa ke nan.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar yau da kullum kimanin 60 ce. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya ce kunne na iya jure desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2015 cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi.

Direban haya ya fi kowa shiga wannan haɗari. Fasinja awa ɗaya zai yi ya sauka, shi kuwa wuni zai yi, kuma yana ƙara murya ne don ta rinjayi rugugin inji da iska. Gwaji mai sauƙi shi ne: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, sautin ya yi yawa. In kunne yana ƙugi bayan an sauka, ya riga ya fara koke.

Ido da hankalin direba

Idon mutum yana gani tar ne a ɗan ƙaramin wuri a tsakiyar abin da yake kallo, kusan faɗin babban yatsa in an miƙe hannu. Sauran duk dishi-dishi ne. Ke nan ba zai yiwu a karanta allo a kuma lura da hanya a lokaci guda ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kallon allo na daƙiƙa biyu daidai yake da tafiyar mita 50 ido a rufe. A ranar Juma'a ta kasuwar Wudil, mita 50 ta isa ta ƙunshi garken shanu, da mai babur, da yaro mai talla.

Wannan ne hikimar wayar birkin hannu: tana hana allo nuna fim sai mota na tsaye. Masu haɗawa da yawa sukan ɗaure ta da jikin mota don fim ya riƙa yi ana tafiya. Kada a yi haka. A saita inda za a je kafin a tashi, a bar muryar na'ura ta yi jagora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana hukunta amfani da waya yayin tuƙi, kuma dalilin hanin ya shafi allon mota kamar yadda ya shafi waya.

Shawara ga malamai

Tsohon rediyon mota, da batir, da lasifika biyu, da fis, da mita sun isa a gina darussa da dama a kan tebur. Ɗalibai su auna wutar da rediyo ke ja a kunne da a kashe, su lissafa kwanakin da batir zai yi. Su juya kan lasifika ɗaya su ji bambanci. Su zana da'irori uku a kan taswirar Jihar Kano su nemo garinsu. Su kuma auna mita 50 a filin makaranta, su tsaya su dubi tsawonta.

Kammalawa

Mun ga cewa kowace ƙa'ida a wannan aiki tana da dalili da za a iya lissafawa: fis daga dokar Ohm, wurin eriya daga halin saƙon tauraro, ƙarfin murya daga ginin kunne, wayar birki daga iyakar ido. Wanda ya san dalilan zai iya haɗa na'urarsa cikin aminci, zai kuma gane inda iyawarsa ta tsaya ya nemi gwani. Shi kuwa matashin nan na Kademi, da aka bi wayoyin motarsa, sai aka tarar guda ɗaya ce noti ya danne ta kware tana taɓa ƙarfe. Tun ƙonewar fis na farko, minti goma na dubawa da ɗan guntun salatif sun isa su raba shi da asarar da ya yi.